Ɓeran da Ya Ci Mana Intanet

A gidanmu mutum biyu ne ke yanke hukunci, kuma ba na cikinsu. Ta farko matata ce, wadda nake kira Hukuma tun shekarar da muka yi aure, ita kuma ba ta taɓa musanta sunan ba. Na biyu mahaifinta ne, Baba Mai Tarho, wanda ya dawo gidanmu da zama bayan rasuwar Mama. Ni kuwa a ofishin ruwa nake aiki, inda na tsufa ina sa hannu a takardun famfo ba tare da na taɓa ɗaura famfo ko ɗaya ba. A gida ma kusan haka ne. Sai an gama shawara ake kawo mini in sa hannu.

Hukuma mai zanen gine-gine ce. Kamfaninsu yana can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Tun da Baba ya dawo wurinmu hankalinta ya rabu biyu, domin Baba yana manta maganinsa na hawan jini kamar yadda nake manta alkawarin rage tumbi. Wata rana ta dawo aiki ta tarar da shi a ƙololuwar tsani yana gyaran fitilar da ba abin da ya same ta. Washegari ta nemi kamfani ya bar ta ta riƙa aiki daga gida.

Kamfani ya yarda, amma da sharaɗi. Dole a haɗa kwamfutarta da intanet ta kebul, ba ta iska ba, kuma dole saurin ya haura mega ɗari biyu, saboda zanen gini nauyi ne da shi. Ranar Alhamis da hantsi wani ma'aikacinsu zai gwada layin daga can ofis. In bai kai ba, akwai wata da ke jiran gurbin, Hukuma kuma ta koma bin motoci, Baba ya koma bin tsani.

Baba bai san dominsa ake wannan hidimar ba. Gwiwa aka ce masa. Hukuma har ɗingishi ta koya, sai dai wani lokaci takan manta wace ƙafar ce.

Rautarmu, wato ɗan akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet a gida, tana falo a kan kabad. Ɗakin da Hukuma ta mayar ofis kuwa yana can ƙarshen baranda, tsohon ɗakin ajiya ne. Kebul ɗin da ya zo da rautar bai fi tsawon hannuna ba. A wurin cin abinci na ce zan biya kasuwa in sayo dogo.

Baba ya ajiye cokali.

“A sayo waya? Ina cikin gidan?”

Wannan mutum ya yi rayuwarsa a kan turakun tarho. Ya ja layi a kan duwatsu, ya ja a ƙarƙashin gada. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe cike da nannaɗaɗɗun wayoyi, filaya iri-iri da baƙin salatif, kuma a tafin hannunsa akwai tabon da yake nuna wa baƙi kamar lambar yabo. Na dubi Hukuma, Hukuma ta dubi kwanonta.

“A'a Baba,” na ce, “ai dama cewa na yi in sayo in ba ka da ita.”

“Ina da ita.”

Da na dawo aiki ranar Litinin an gama. Gaskiya aiki ya yi kyau. Wayar ta fito daga bayan kabad, ta bi gindin bango, ta hau saman ƙofa ta sauko, ta miƙe cikin baranda kamar an ja ta da ma'auni. Kowane ɗan ƙusa yana daidai da ɗan'uwansa. Har fenti ya shafa mata kalar bangon, sai ka ƙura ido za ka gan ta. Baba yana zaune a kujerarsa yana sauraren rediyo, yana yi kamar bai ga ina kallon aikin ba.

“Baba, wannan ai sai a kira 'yan jarida.”

“Ɗan abu ne,” ya ce, ya ƙara wa rediyo murya don kada a ga yana murmushi.

Muka shiga ofishin Hukuma, ta buɗe shafin gwajin sauri. Allurar ma'aunin ta tashi da ƙarfinta kamar za ta fasa gilashi, ta kai casa'in da huɗu, ta tsaya cak. Muka sake. Casa'in da huɗu. Na ciro wayar hannuna, wadda ke shan intanet ta iska, na gwada. Ɗari uku da wani abu.

“Malam,” in ji Hukuma, “kai da ka ce kebul ya fi iska sauri?”

“Haka aka ce.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

“To je ka gaya wa mutanen su zo su gani.”

Na fara da ilimin da nake da shi gaba ɗaya, wato na kashe rautar na kunna. Na kashe kwamfutar na kunna. Na kashe su tare, na ba su lokaci su yi tunani a kan halinsu, na kunna. Casa'in da huɗu. Na zare kebul daga ramin farko na bayan rautar na sa a na biyu, na uku, na huɗu. Na hura ramukan da baki kamar mai hura wuta. Lambar nan ba ta ko motsa ba.

Ranar Talata na kira kamfanin intanet daga ofis. Bayan na sha kiɗa har na haddace shi, wata murya mai ladabi ta ɗauka.

“Yallaɓai, ka gwada kashewa ka kunna?”

“'Yar nan, na kashe na kunna har maɓallin ya san ɗan yatsana.”

Ta yi dariya, ta duba daga can, ta ce su dai intanet ɗinsu yana isowa gidana cikakke, ko ɗigo bai zube a hanya ba. Daga rauta zuwa ciki kuwa, wannan harkar gida ce. Na gane maganar sarai, domin ita ce nake gaya wa mutane kullum a ofishin ruwa: mu namu ya tsaya a mita. Ban taɓa sanin haka take da ɗaci a kunne ba sai ranar.

Da yamma maƙwabcinmu ya shigo. Direban motar asibiti ne mai ritaya, amma a layinmu Sarkin Shawara ake ce masa, domin ko kaza ce ta yi tari yana da abin faɗa. Ya tsaya gaban kabad, hannu a baya, ya yi wa rautar kallon likita.

“Ita ce,” ya ce. “Waɗannan akwatunan munafukai ne. Akwai wani wuri a cikinsu da ake ɗaure wa kebul ƙafa. Shiga cikinta ka kwance.”

Shiga cikin rauta sai da kalmar sirri, kalmar sirrin kuma an rubuta ta a ƙarƙashin akwatin da rubutun da sai tururuwa mai tabarau za ta karanta. Na ɗaga akwatin sama, Sarkin Shawara ya haska da fitilar waya, na ɗora tabarau a kan tabarau. Muka shiga. Shafuka ne birjik, kowanne da maɓallai. Duk wanda muka gani a kunne muka kashe, duk wanda muka gani a kashe muka kunna. Muka sami wurin da ake rage wa na'urori sauri, muka tarar ba a rage wa kowa komai ba. Na ji haushin wannan, don na riga na shirya yin fushi.

“Saura abu ɗaya,” in ji Sarkin Shawara. “Kawo tsinke.”

A bayan rautar akwai wani ɗan rami. In ka soka tsinke ka danne, sai ta manta duk abin da ta sani, ta koma kamar ranar da aka haife ta. Na soka. Ta manta sunan gidanmu, ta manta kalmar sirrinmu, talabijin ya ɗauke, wayoyin gidan duka suka zama marayu. Daga kicin Hukuma ta ɗaga murya.

“Malam! Me ka taɓa?”

“Gyara ake yi!”

“Gyaran naka ya kashe mini karatun da nake saurare!”

Sai da muka ɓata yammacin nan kafin komai ya dawo hayyacinsa. Muka gwada kwamfutar. Casa'in da huɗu.

Sarkin Shawara bai karaya ba, shi ba ya karaya da matsalar gidan wani. Ya je gidansa ya ciro tasa rautar, sabuwa fil, mai ƙahonni shida kamar gizo-gizo ya kife. Muka cire tamu muka ɗaura tasa. Casa'in da huɗu. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

“To kwamfutar ce,” ya ce.

“Ɗazu ka ce rauta ce.”

“Ɗazu ɗazu ne.”

Duk wannan bidirin Baba yana kujerarsa. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

“Ku dai duba akwatunanku. Layi lafiyarsa ƙalau, na gwada shi da mita.”

“Haba Baba,” muka ce tare, “wa yake maganar layi?”

Kuma har ga Allah ba wanda ya yi tunanin layin. Aikin da ya yi kyau haka ba ya shiga jerin waɗanda ake tuhuma.

Sarkin Shawara ya kwashe rautarsa ya tafi, ya manta ɗan gajeren kebul ɗinsa a kan kabad. Washegari Laraba na ɗauki hutun rabin yini. Baba ya shiga ɗakinsa ya ɗan kishingiɗa bayan azahar. Ina tsaye ina harar rautar, sai na tuna abin da masu gyaranmu suke yi in wani ya kawo ƙarar ruwa ba ƙarfi. Ba sa faɗa da tanki. Sukan kwance bututun gidan, su buɗe ruwa a bakin mita su gani. Na sha sa hannu a rahoton haka, ashe wani abu yana shiga kaina ban sani ba.

Na je na rungumo kwamfutar Hukuma, ita tana biye da ni da allon tana cewa in yi a hankali, ba buhun gawayi ba ne. Muka ajiye a tsakar falo. Na zare layin Baba, na haɗa da ɗan gajeren kebul na maƙwabci. Wata 'yar fitila a bayan rautar, wadda kwana biyu nake ganinta ruwan goro na ɗauka haka Allah ya yi ta, sai ta koma kore. Allura ta tashi, ta wuce casa'in da huɗu ko sallama ba ta yi mata ba, ta je ɗari uku da ashirin ta zauna.

Muka dubi juna. Ba irin kallon murna ba.

“Mayar da na Baba mu gani,” in ji Hukuma a hankali.

Na mayar. Fitila ta koma ruwan goro.

Na ja kabad gaba, na leƙa bayansa. Can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, akwai wani ƙulli da aka naɗe da baƙin salatif, an naɗe shi tsaf kamar ɗan yatsan da likita ya ɗaure. Na warware a hankali. Ashe Baba ya ɗauki gajeren kebul ɗin da ya zo da rautar ne ya raba shi biyu, ya sa kai ɗaya a nan, ɗaya a ofis, tsakaninsu kuma ya ƙulla wayar tarho daga akwatinsa. Kebul ɗin yana da 'yan siraran jijiyoyi takwas masu launi-launi. Wayar tarhon tana da huɗu. Baba ya bi ya gano huɗun da in an haɗa su fitila take kamawa, ya murɗe su da kyau, sauran huɗun kuma ya lanƙwasa su baya ya ɗaure, kamar an ce su jira a kira su.

Na nemi bayani a wayata, na samu a take, yanzu da na san abin da zan tambaya. Rauta takan tambayi kebul jijiya nawa ke aiki. In takwas ne ta sake masa ruwa gaba ɗaya. In huɗu ta ji, sai ta rage kanta zuwa ɗari, ba za ta ƙara ko ɗigo ba. Wato Sarkin Shawara ya yi rabin gaskiya. Rautar ce ke ɗaure ƙafar, amma layin ne ya ce ta ɗaure.

“Sai ka gaya masa,” in ji Hukuma.

“Ni? Mahaifinki ne fa.”

“Shi ya sa ba zan iya ba. Ka ga fuskarsa ranar Litinin? Rabon da in ga ya ci abinci har ya nemi ƙari tun Mama tana da rai.”

“To ni surukinsa ne. Mutumin da har yau ban taɓa cire hula a gabansa ba, shi zan ce wa aikinka bai yi ba?”

“Ai kai ne mai gida.”

Shekara da shekaru ina jiran a ba ni wannan sarautar, sai ranar da ba mai so aka naɗa ni.

Na kawo shawarar a bar kwamfutar a falo har a gama gwajin gobe, daga baya a san abin yi. Hukuma ta ce ita ba za ta ci jarrabawa a falo ta je tana aiki a ɗakin ajiya da layin da ba ya ja ba, ranar da zane ya maƙale wa za ta ce? Kuma a falo rediyon Baba ba ya hutawa. Na ce to mu ja sabon kebul ta bayan taga a ɓoye, a bar na Baba a bango don ado. Ta dube ni kamar na ce a ɓoye wa kifi ruwa.

“Mutumin da in muna tafiya a titi kansa yana sama yana bin wayoyi? Shi za ka ɓoye wa layi a gidan da yake kwana?”

Gaskiyarta. Na mayar da salatif yadda na same shi, na tura kabad, muka mayar da kwamfuta ofis. Na zauna ina juya ɗan kebul ɗin maƙwabci a hannu. Kansa na roba ne garai-garai, ana hango jijiyoyin a jere a ciki.

Da la'asar Baba ya fito ya zauna a kujerarsa. Na kai masa shayi da kaina, abin da ya sa ya dube ni da zargi tun kafin in buɗe baki. Na durƙusa gefensa.

“Baba, wani karatu nake so a yi mini. Idona ya mutu. 'Yan wayoyin nan na cikin kan nan, nawa ne?”

Ya karɓa, ya ɗaga shi wajen hasken taga.

“Takwas.”

“Ikon Allah. To me ya sa suka yi yawa haka?”

“Almubazzaranci,” in ji Baba. “A zamaninmu biyu ke ɗaukar magana daga nan har bakin teku. In an sa huɗu, biyun na jiran ko-ta-kwana ne. Waɗannan yaran tagulla ce ta yi musu yawa.”

“Wallahi haka na ce. Sai na karanta wai su na yanzu duka takwas ɗin suke sa wa aiki lokaci guda. Wai in akwatin ya ji babu wasu, sai ya ƙi sakin sauri, ya tsaya ƙasa da ɗari.” Na kurɓi iska. “Na ce to wannan dai ba matsalarmu ba ce, tunda mu Baba ne ya ja mana layi.”

Baba ya ci gaba da kallon kan kebul ɗin. Rediyo yana ta bayanin farashin taki. Na fara tunanin inda zan koma da zama in aka kore ni daga gidana.

Can ya ajiye kofin shayi.

“Kawo mini tocila da filaya. Zan bi layin nan.”

“Baba, ai ka ce ka gwada shi.”

“Ranar Litinin na gwada. Yau Laraba. Layi abu ne mai rai. Ku ba ni wuri.”

Muka ba shi wuri. Ni da Hukuma muka shige kicin muka tsaya kamar masu jiran sakamakon asibiti. Muna jin takunsa a baranda, yana tafe yana tsayawa. Sai muka ji wani ɗan ƙaras. Sannan muryarsa.

“Kai, Mai Ruwa! Zo ka gani!”

Muka fito da gudu, Hukuma ta manta ɗingishinta gaba ɗaya. Baba yana tsugune a tsakiyar baranda, ya haska gindin bango. Wayar ta ɓantale a wuri ɗaya, tagulla tana ƙyalli. Gefen yankan a miƙe yake tsaf, da 'yan layuka irin na bakin filaya.

“Ɓera,” in ji Baba.

Na sunkuya na duba sosai, kamar mai ilimin haƙoran dabbobi.

“Ɓera ne,” na ce. “Babba ma kuwa.”

“Innalillahi,” in ji Hukuma, ta dafe ƙirji. “Shi ya sa nake jin motsi a ɗakin ajiya.”

“To kun gani. Kuna ta zagin akwati, akwati bai ci muku komai ba.” Ya miƙe da ƙyar, ya sa filayar a aljihu. “Layin da ɓera ya ɗanɗana ba a ƙulla shi, zai dawo. Sai a canza gaba ɗaya. Mai Ruwa, je ka kasuwa kafin su rufe. Ka sayo guda, dogo, mai kai biyu daga masana'anta, kada a yanka maka. Ka ce mai jijiya takwas.”

“Takwas, Baba?”

“Takwas. In ya ci huɗu, huɗu su rage.”

Ban taɓa zuwa kasuwa da sauri irin na ranar ba. Da na dawo Baba ya riga ya jingina tsani a bakin ƙofar falo, yana naɗe hannun riga. Hukuma ta tsaya a gaban tsanin ta riƙe ƙugu.

“Baba, ba za ka hau ba.”

“Wa zai hau? Wannan?” Ya nuna ni da leɓe.

“Shi. Kai ka koya masa. Ya kai shekara hamsin bai iya buga ƙusa ba, abin kunya ne a ce surukinka ne.”

Wannan hujjar ta shige shi. Aka jawo masa kujera tsakiyar baranda, ya zauna da tocila kamar mai duba jarrabawa, na hau tsani da guduma da ƙusoshi a baki. Hukuma ta koma kicin.

“Hagu. Hagunka, ba nawa ba. Kai, a ofishin naku haka kuke ja wa mutane bututu? Shi ya sa ruwa ba ya zuwa.”

“Baba, ni sa hannu kawai nake yi.”

“Ya nuna. Kada ka lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwa, ba wuyan kaza ba ne. Bi da shi a hankali.”

Na buga ƙusa, na buga babban yatsana, na haɗiye abin da ya zo bakina saboda surukina yana wurin. Muna cikin haka, ina saman ƙofa, sai na ji ya taso ya riƙe mini ƙafar tsanin. Ya yi ƙasa da murya.

“Mai Ruwa.”

“Na'am, Baba.”

“Gwiwar matarka fa? Ita ma ɓeran ne ya ci ta?”

Ƙusa ɗaya ya faɗo daga bakina. Na duba ƙasa. Bai ɗago ba, yana kallon bango.

“Da alama shi ne, Baba.”

“Jiya hagu, yau dama. Mugun ɓera ne.” Ya gyara riƙon tsanin. “To, Allah ya ba ta lafiya. Ta zauna a gida ta huta, ni zan riƙa kula da ita. Buga ƙusan nan, ya karkace.”

Kafin magariba muka gama. Layina bai kai nasa kyau ba, a wuri biyu ya yi ciki kamar igiyar shanya, Baba ya ce zai gyara in na tafi aiki, Hukuma ta ce tsanin zai kwana a gidan maƙwabci daga yau. Muka soka kan kebul a rauta. Fitila ta yi kore.

Ranar Alhamis da hantsi mu uku muka cika ɗan ofishin nan. Ma'aikacin kamfani ya bayyana a allo, wani mai gemu da abin magana a kunne, ya ce Hukuma ta danna gwaji. Allura ta tashi. Da ta zo casa'in da huɗu na rufe ido ɗaya. Ta wuce.

“Ɗari uku da goma sha takwas,” in ji mai gemu. “Hajiya, layinki ya fi na ofishinmu. Wa ya ja miki?”

“Mahaifina,” in ji Hukuma.

Baba ya sunkuyo ya cusa fuskarsa gaba ɗaya a allon, har hancinsa ya cika shi.

“Yaro, in kuna da matsala a ofishin naku ku duba jijiyoyin. Takwas ake so. Wasu sai su sa huɗu.”

“To Baba, mun gode.”

Ni da na hau tsanin ba wanda ya ambace ni, amma na saba. Na tsaya a baya da kumburarren yatsa ina gyaɗa kai.

Da yamma Sarkin Shawara ya zo karɓar kebul ɗinsa, aka ba shi labarin ɓera. Ya ce ai shi tun farko ya yi zargin haka, bai dai so ya tayar mana da hankali ba ne. Washegari sai ga shi da kyanwa a cikin kwali, wai aro ya ba mu har a kama ɓarawon. Ba wanda ya iya cewa a mayar da ita, don in an ce babu ɓera sai a faɗi abin da ya ci layin.

Kyanwar tana nan har yau. Ta yi ƙiba, ba ta taɓa kama ko ƙuda ba, kuma ta gano cewa saman rauta akwai ɗumi. Da hantsi Hukuma takan fito daga ofis ta miƙa wa Baba maganinsa da ruwa, shi kuma ya tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi. In baƙo ya zo, Baba yakan nuna masa tabon hannunsa, ya nuna masa layin, sannan ya nuna kyanwar.

“Tun da aka kawo ta,” yakan ce, “ko sau ɗaya ɓeran bai dawo ba.”